Kwana Uku Ba Fanka

Ranar Litinin ce, wajen ƙarfe bakwai na safe. Tukinah na tsugune gaban kasko tana soya tempe, wainar waken soya, sai Jumadi ɗan acaba, maƙwabcinsu, ya tsaya a ƙofar kicin ko sallama babu, hular kwanonsa a hannu.

"Yu Tuk, sauke kaskon nan tukuna." Haka yake kiranta, Yu wato yaya.

"In sauke a kan me? Mai ya yi zafi. In yunwa ce ta koro ka, nemi kujera."

"Ki dai sauke."

Ta ɗago ta dube shi. Akwai jini a gwiwar wandonsa, kuma ba ɗingishi yake ba. Ta sauke kaskon.

A gangaren da ke kaiwa kasuwa ne abin ya faru. Birkin motar yashi ya tsinke, ta bi ta kan babur ɗin mijinta, Sarwidi, da shi da kwanduna biyun da ya ɗaure a baya. Jumadi ya ce bai sha wahala ba, nan take ya cika. Ya ce titin ya yi fari fat da naman kaza, laimar kwaɗin nan da yake nomawa, mutane suna ta kauce masa kada su taka. Wannan maganar ce ta zauna mata, ba ta san dalili ba.

Kafin la'asar an rufe shi. Kafin magariba yayarsa, Yu Darsini, ta iso daga Kendal da jaka biyu da muryarta, ta karɓi gidan. Ita ta sa aka kafa rumfar tamfol a lungu, aka aro kafet da lasifika daga masallaci, aka tattaro tukwanen shinkafa na lantarki daga gidajen maƙwabta. Tukinah kuwa aka zaunar da ita a tsakar falo kan tabarma, farin mayafi a ka, ta shiga takaba. A miƙo mata hannu ta karɓa, a ce ta yi haƙuri ta ce na gode. Abin da ta yi ke nan kwana biyu.

Gidan nasu a jikin tudu yake, a wata unguwa ta birnin Semarang, kuma yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa wanda mai gidan na farko ya haƙa don ajiyar kaya. A nan Sarwidi ya shekara shida yana noman naman kaza, farin nan mai faɗi kamar kunne. Yakan cika ledoji da garin katako da dusa, ya turara su, ya sa musu iri, ya jera su a kwance kan kantocin gora. Farin zare ya bi ledar ya cinye ta har ƙasa, sannan a buɗe baki, tsiron ya fito. Leda dubu uku ya jera wata guda kafin rasuwarsa, da duk abin da suka tara, kuma saura kwana kaɗan a buɗe su. Ba su da gona, ba su da shago, ɗiyarsu ɗaya tana aure can tsibirin Kalimantan da nata ɗawainiyar. Abin da ke cikin ɗakin nan shi ne cinsu, yanzu kuma shi ne nata.

Ita ba ta sauka. Ƙurar da tsiron ke fitarwa tana tayar mata da asma, don haka aikinta a sama yake: ta yanke gindi, ta auna, ta ɗaure. Abin da ta sani game da ƙasan, a bakinsa ta ji, yana cin abinci yana surutu, ita tana ce masa ya rufa mata baki ya ci.

Laraba ce sadakar uku. Tun safe kicin ya cika da mata, ana shirin kwalin abinci ɗari da ashirin da maza za su tafi da shi bayan addu'a. Watan Oktoba ne, ƙarshen rani a can, ruwa bai sauka ba tukuna, garin kamar an kifa masa tukunya. Bayan azahar matan unguwa suka gama karatun Yasin, aka kashe lasifika, kowa ya yi jugum yana fifita da abin da ya samu.

A nan ne Tukinah ta ji shirun. Shekara shida tana barci a kan gurnanin fankoki biyu na ɗakin ƙasa, har ta daina jin sa. Yanzu ta kasa kunne, ta ji babu. Ta zame hannunta ƙarƙashin tabarma ta dafa siminti. Da ɗumi. Simintin falon nan ko da tsakar rani sanyi gare shi, a kansa Sarwidi ke kwanciya ba riga in ya dawo daga kasuwa.

Ta miƙe.

Ƙofar ɗakin ƙasan tana bayan kicin, an jingine mata buhunan shinkafa biyu. Tana ja da na farko Yu Darsini ta juyo da ludayi a hannu.

"Ke, ina za ki? Koma ki zauna, matar shugaban unguwa na hanya."

"Ƙasa zan leƙa, Yu."

"Ƙasa? Ƙanena kwanansa uku a ƙasa, ke kuma laimar kwaɗi ce ta dame ki? Mutane su ce me?"

"Fankokin ba sa aiki."

"To su huta mana. Mai su ma ya huta."

Wata ta yi dariya ta danne ta da mayafi. Tukinah ta ture buhu na biyu da gwiwa, ta buɗe ƙofar.

Iskar da ta fito ba irin wadda ta sani ba ce. Da in Sarwidi ya buɗe, ƙanshin daji bayan ruwa ke tasowa, mai sanyi. Wannan zafi gare ta da tsami, kamar shinkafar da ta kwana a rufe. Ta ja mayafinta ta rufe hanci, ta kunna ƙwan fitila, ta fara sauka. Mataki goma sha ɗaya ne, ta ƙirga su.

Kantocin sun kai rufi, layi shida, ledoji farare a kwance baki waje. Ba abin da ke motsi. Babbar fanka tana jikin ƙaramar tagar da ke daidai da ƙasan lungu, buhunan garara uku rataye a gabanta, waɗanda Sarwidi yakan jiƙa don iskar ta ratsa su ta shigo da sanyi. Sun bushe ƙayau. Tagar kanta ba haske, wani abu ya toshe ta daga waje. Ƙaramar fankar tana can ƙasa a kusurwa, bakinta cikin bututun da ke hawa sama. Ita ma tsit.

Ta taɓa leda a kantar tsakiya, da ɗumi. Ta miƙa hannu ta taɓa ta sama, zafi kamar goshin mai zazzaɓi, ruwan rawaya ya taru a cikinta. A jikin ginshiƙi akwai ma'aunin zafi, da jan layin da ya zana da fenti a kan ashirin da takwas. Ta matsa ta karanta. Talatin da biyar.

Sarwidi ya sha faɗa mata cewa abin nan numfashi yake kamar mutum, yana shaƙar iska mai kyau ya fitar da gurɓatacciya, jikinsa kuma yana zafi in yana cin katako. Leda dubu uku a ɗaki ɗaya kamar mutum hamsin ne a motar haya, in ji shi. In zafi ya wuce talatin ya daɗe, zaren ya mutu, koren fumfuna ya gaje wurin.

Ta sunkuya ta duba kantar ƙasa, sai kanta ya sara. Numfashinta ya dawo gajere, tana ja kamar ba abin da ke shiga. Ta ɗauka asmar ce, amma ƙirjinta bai yi kuka ba. Fitilar ta fara zama biyu. Ta saki kantar, ta lalubi matakala, ta hau da hannu da gwiwa, tana bin wayar fankokin da ke kwance a gefe. Wayar ta kai ta har kicin. Kan filogin yana yashe bayan tulun ruwa, a soket ɗin kuwa an jona wata doguwar waya mai baki biyar, tukwanen shinkafa huɗu da lasifika.

"Wa ya cire wannan?" Ta ɗaga kan filogin.

Jumadi yana shigowa da ƙanƙarar da za a sanyaya wa baƙi shayi da ita a kafaɗa. Ya ga abin da ke hannunta, ya tsaya.

"Ni ne, Yu. Tun daren Litinin. Mita ke ta faɗuwa, na ce wannan ta tsohon firij ce ko..." Ya haɗiye sauran. "Ta mece ce?"

Akwai soket guda a bayan ƙofa, ta cusa filogin a ciki. Daga ƙasa aka ji fankokin sun yi tari sun tashi, sun yi kamar numfashi uku, sai mita ta yi ƙas. Gidan duka ya mutu. Jajayen fitilun tukwane suka ɗauke. A waje, mai gwada lasifika ya tsaya a tsakiyar "ɗaya, biyu".

"Innalillahi! Shinkafata!" Yu Darsini ta buga ludayi a kan murfi. "Ko tafasa ba ta yi ba! Jumadi, ɗaga mitar nan. Ke kuma cire wannan abin."

"Ba zan cire ba."

"Me kika ce?"

"Mitar ba za ta ɗauki duka ba, Yu. Ko tukwane da lasifika, ko fanka."

"To ai magana ta ƙare. Mutum ɗari da ashirin za su zo yi wa mijinki addu'a, ki sallame su da ɗanyar shinkafa? Gobe in sun watse ki kunna fankarki har ta gaji."

"Gobe babu abin da za a kunna wa."

Tukinah ba mai musu ba ce, shekara ashirin da huɗu Yu Darsini ba ta taɓa jin a'a daga bakinta ba. Ta durƙusa, ta zare doguwar wayar daga bango da hannunta, ta naɗe ta, ta rungume a ƙirji.

"Jumadi, ɗaga mitar."

Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya fita. Fankokin suka tashi. Amma ƙararsu ba ita ba ce, wani nishi suke kamar wanda aka toshe wa baki. Ta tsaya a bakin matakala ta miƙa hannu, ba iskar da ke motsi. Sai ta tuna tagar da ba haske. Ta tuna kuma inda bututun ƙaramar fankar yake fitowa: wata raga ta ƙarfe a daɓen baranda, faɗin faranti. Barandar da aka shimfiɗe da kafet ɗin masallaci tun ranar Litinin.

An yi la'asar, maza sun fara cika wurin. Ta hango su ta labule, sun zauna sahu sahu da huluna baƙaƙe, hayaƙin taba mai kanumfari yana tashi. A tsakiyar baranda, jingine da bango, Pak Kusnan limamin unguwa ya naɗe ƙafa, ɗan littafinsa a buɗe a cinya. Daidai kan ragar yake zaune.

Yu Darsini ta riƙo hannunta. Yanzu murya ƙasa ƙasa take magana.

"Kada ki yi. Mace mai takaba, kwana uku, ki ratsa maza? Don Allah, Tuk. Awa ɗaya ce, su gama su tafi."

Tukinah ta yi lissafin awa ɗaya, da rabon abinci, da shan shayi, da hirar da dattawa ba sa tashi sai an kira magariba. Ta tuna zafin ledar a tafin hannunta. Ta zare hannunta ta ɗaga labulen.

Surutu ya ɗauke tun daga bakin ƙofa. Maza suka riƙa janye gwiwoyi suna sunkuyar da kai. Ta taka har gaban liman, ta durƙusa, idonta a kan kafet.

"Pak, a gafarce ni. So nake ku tashi daga nan."

Wani dattijo ya yi gyaran murya. Wani daga baya ya ce, "Baƙin ciki ne, a mai da ita ciki."

Pak Kusnan ya rufe littafin a kan yatsansa. "In tashi in koma ina, Bu Tukinah?"

"Ko'ina. Kun zauna a kan hancin ɗakin ƙasa."

Ya dubi inda yake zaune. Sannan ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya ce wa na kusa da shi su kama bakin kafet. Suna naɗewa, iskar da ta kwana uku a tsare ta bugo ta ragar, mai zafi, mai tsami, ta ɗaga ƙasan zanensa. Na kusa suka ja baya suna tari.

"Subhanallahi. Ni fa tun shekaranjiya nake jin ɗumi a nan, na ɗauka tsufa ne." Aka yi 'yar dariya, shi bai yi ba. Ya sunkuya ya shinshina, fuskarsa ta canja. "Wa ya sauka cikin wannan?"

"Ni."

"Kanki ya sara?"

"Ya sara."

"Allah ya tsare, da yau sadaka biyu za mu haɗa." Ya juya ga jama'a. "Shekara goma sha biyar ina haƙar rijiya kafin in zauna a masallaci, na san wannan iskar. Ba wanda zai sauka sai na ce. Ina take shiga?"

Ta nuna lungu. Bangon tamfol ɗin rumfar ya sauka har ƙasa a kan tagar, an danne shi da bulo, an kuma jera katan katan na ruwan sha a jikinsa. Jumadi ne ya fara kai hannu, yana jifa da katan kamar su suka yi masa laifi. Maza biyar suka kama, aka yaye tamfol, rumfar ta karkace gefe guda, rana ta faɗo kan sahun gaba. Nan take muryar babbar fanka ta sake, ta koma gurnanin da ta sani.

"Buhunan a bushe suke," in ji Tukinah. "Zafi kawai za ta ja."

Ta tagar ana iya kai hannu gare su. Aka jawo tiyo aka jiƙa su sharaf. Ta dubi ƙanƙarar da Jumadi ya ajiye a inuwa, sanduna biyu manya cikin buhu, ta dubi Yu Darsini da ke tsaye bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"Ta shayin mutane ce," in ji Yu Darsini.

"Mu sha da zafi," in ji Pak Kusnan. "Lasifikar ma a bar ta. Wanda muke roƙo ba kurma ba ne."

Aka fasa ƙanƙarar a cikin baho biyu, aka ajiye su a bakin tagar. Liman ya sa aka kawo kyandir da gwangwani da igiya. Ya kunna, ya tsaya a saman matakala ya zura shi a hankali, mataki bayan mataki, Tukinah na leƙe ta kafaɗarsa. A na bakwai harshen wutar ya ƙanƙance. A na tara ya yi shuɗi ya mutu.

"Ba yanzu ba," ya ce.

Ba abin da ya rage sai jira. Maza suka koma lungu, rabi a inuwa rabi a rana, aka fara addu'a da baki, fankoki na gurnani a ƙarƙashinta. A bayan gida mata suka haɗa murhun duwatsu, suka juye shinkafar tukwane huɗu a babbar tukunya, Yu Darsini na ba da umarni ba ta kallon kowa. Tukinah ba ta koma tabarmarta ba. Ta zauna a matakin farko, ƙofa a buɗe, tana jin la'ilaha illallahu na tashi yana sauka, bakinta na bi, hankalinta na kan talatin da biyar. Ba ta san ko ta makara da yini ɗaya ba, ko da awa ɗaya, ko tun jiya komai ya ƙare tana zaune tana cewa na gode.

Da aka shafa addu'a, liman ya dawo da gwangwaninsa. Wutar ta kai mataki na goma ta yi rawa, ta mutu. Aka raba abinci, shinkafar ta ɗan kama, wani ya ce marigayi ma haka yake son ta, da ƙanzo. Aka sake zurawa dab da magariba. Wannan karon gwangwanin ya zauna a daɓen ƙasa, wutar na ci tsaye, tana karkata wajen ƙaramar fanka.

"Bismillah. Amma ƙofa a buɗe, ni kuma ina nan tsaye."

Ta ɗaure hanci ta sauka. Talatin da ɗaya. Ta bi layin tana taɓawa. Na sama sun yi laushi, wasu har kore ya fara ɗigo a cikinsu. Na tsakiya da na ƙasa da tauri, fari sol, ƙanshin daji na nan a jikinsu in ta kai hanci. Ta tsaya a tsakiyar kantocin, iska mai sanyi na taɓa bayan wuyanta, sai kukan da bai zo mata ba ranar Litinin ya zo. Ba wanda ya kira ta. Sai da ta gama ta hau.

Ta tarar da Yu Darsini durƙushe a baranda, tana ɗaura wani abu a jikin ragar. Guntun jar igiyar leda ce, irin wadda aka ɗaure kwalayen abinci da ita. Tana saki, igiyar ta miƙe tsaye tana kaɗawa.

"Don kada wani sakarai ya sake shimfiɗa abu a kai bai gani ba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Nawa suka mutu?"

"Ban sani ba tukuna. Na sama."

"Hm. Je ki ci abinci, kin yi kama da fatalwa."

Leda ɗari tara aka fitar, Jumadi ya kwashe su a baro kwana biyu, bai yarda ta ba shi ko na mai ba. Sauran ta buɗe musu baki da kanta bayan sadakar bakwai, da ƙyalle biyu a hanci da maganin asma a aljihu. Kwana biyar bayan nan suka fito, ƙanana kamar kan ashana, sannan suka buɗe. Sadakar bakwai ɗin da ta arba'in duk a lungu aka yi su, ba lasifika.

Yanzu ita ke sauka, sau biyu a yini. Igiyar kuwa rana na cinye ta, ta canja ta ya fi sau goma, kullum ja. Da asuba in ta idar da salla, kafin ta ɗora ruwan shayi, takan buɗe ƙofar gaba ta leƙa baranda. In ta ga igiyar a tsaye tana rawa, sai ta koma ta kunna murhu.